Kogon Duhu da Hannun Malam

Dutsin-Ma, 4 ga Mayu, 1989

Zuwa ga ƙanwata kuma malamata, Sista Roda,

Ki yi mani afuwa da zan dame ki da takarda, alhali na san ko zama ba ki samu a asibitin Kurfi. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Gidiyon da su Kezia. Tun da aka yi maki canjin wurin aiki unguwa ta yi shiru. Rubutun nan wanda kika koya mani ne a ajin yaƙi da jahilci, in kin ga ya karkace ki yi haƙuri.

Maganar maigidana Malam ce. Wata bakwai ke nan da ciwon nan ya taɓa mashi ɓarin dama. Ƙafa ta dawo, baki ma ya warware, saura hannu. Kin san shi, ya rantse ba zai kai loma baki da hagu ba. Ni ke ba shi da cokali a ɗaki, ƙofa a rufe. Abokan cin tuwonsa a zaure, su Alhaji Lawal, sun gaji da aikowa. Masallaci ma sai an tada salla yake shiga, ya fito kafin a fara musabaha. Mutumin da ya haƙa rijiyoyi fiye da sittin daga nan har Makera.

Akwatin wasan da Gidiyon ya samu wajen baƙin da suka yi aiki tare a madatsar ruwan Zobe, wanda kika bar mana kika ce danna maɓallansa magani ne ga yatsu, sai da na yi sati biyu ban taɓa shi ba. Na ga ana kama dodanni ana rufewa a gora, zuciyata ba ta kwanta ba. Na aika aka tambayi Liman, ya ce in dai magani ne kuma bai sa an jinkirta salla ba, babu laifi. Sannan na sa aka haɗa shi da talabijin da batirin mota.

Da farko Malam ya ce wasan yara ne. Yanzu da an yi walaha shi ke cewa in jona. Ba mu iya karanta abin da ke fitowa, don haka shi ke raɗa wa komai suna. Garin da ke da maƙeri ya ce Makera, na biyu ya ce Shema. Dodanninsa huɗu. Na farkon da ya kama wani ɗan mitsitsi ne mai jan ƙafa, kowane faɗa shi ake fara kayarwa, ya sa mashi Ɗan'auta. Duk inda akwatin ya ba da haruffan nan na ajiye wuri, waɗanda in an shigar da su ake ci gaba daga inda aka tsaya, ina kwafe su a bayan littafina ɗaya bayan ɗaya, in sake dubawa sau uku.

To, yanzu mun maƙale. Bayan Shema akwai kogo, ciki baƙi ƙirin, ba ka ganin komai sai ɗan mutumin da ake tafiyarwa da maɓalli. Kwana tara yana shiga ana koro shi. Babban yatsan kan ƙi dannuwa daidai lokacin da dodo ya taso. Ina tsoron ya fid da rai. Don Allah ki tambayi Gidiyon hanya, ki ba Ɗanjuma direba amsar.

Taki,
Rahamatu

*

Kurfi, 9 ga Mayu, 1989

Yaya Rahamatu,

Gaisuwa mai yawa. Takardarki ta same ni ina cikin yi wa yara allura, na karanta a tsaye. Rubutunki ya fi na wasu ma'aikatanmu, kada ki ƙara ba ni haƙuri a kansa.

Na yi dariya da na ji Baba Malam ya mai da ƙasar mutane Makera da Shema. Gidiyon ya ce shi wata biyu ya yi a kogon nan, kuma da hannu biyu masu lafiya, har na ɓoye mashi wayar akwatin don ya kai ni coci. Ya ce cikin kogon akwai maɓuɓɓuga biyu, kowace tana ba da haruffan ajiye wuri. Kusa da ta biyu akwai wani dodo mai wuta a wutsiya. In an kama shi kogo ya haskaka, sauran tafiya ba wuya. Amma gora huɗu kawai ake ɗauka, dole a sauke ɗaya.

Yanzu ki saurare ni a matsayin ma'aikaciyar jinya, ba ƙanwa ba. Ni ban damu da ya fita kogo ba. Kwana tara yana dannawa, kwana tara ke nan yana shan magani. A kore shi sau ɗari ma ina so. Abin da na hana biyu ne: kada ya danna da hagu, kada ke ki danna mashi. Na san ki, Yaya. Ko butar alwala ba ki bari ya ɗaga. In kin ga hannunki na ƙaiƙayi, ki ɗauki tsintar wake ki zauna bayansa.

Ki jiƙa mashi hannun a ruwan ɗumi kafin ya fara. Ki gaishe shi, ki ce ina jiran ranar da zai miƙa wa Gidiyon hannu ya matse har ya yi ƙara.

Ƙanwarki,
Roda

*

Dutsin-Ma, 21 ga Mayu, 1989

Sista Roda,

Bayan gaisuwa. Na daɗe ban amsa ba saboda kunya. Abin da kika hana shi na yi.

Na yi kwana huɗu ina tsintar wake kamar yadda kika ce. Ranar ta biyar na ga ya ɗaga hannun daman da hagu ya aza shi a cinya kamar kayan wani, ya tsura mashi ido. Bayan azahar da ya kwanta, na jona akwatin na rage murya. Ashe ido ya koya mani tun ina kallo. Kwana uku ina yin haka, har na kai maɓuɓɓuga ta biyu, na kama mai wuta a wutsiyar. Da aka nemi in sauke ɗaya, na duba wanda ya fi rauni na sauke Ɗan'auta. Na kwafe sababbin haruffa. Da safe su na shigar mashi, ban ce komai ba. Na gaya wa kaina ba ƙarya na yi ba tunda ban buɗe baki ba. Allah ya yafe mani wannan dabara.

Kogo ya fito da haske, ga duwatsu ga hanya sarai. Na zaci zai yi murna. Sai ya jawo igiyar da ke ƙarƙashin tabarma. Ban san ma'anarta ba sai ranar. Ashe duk inda ya karya kwana cikin duhun kogon yana ƙulla ƙulli, yadda yake auna zurfin rijiya, kuma da yatsun dama yake ƙullawa, da taimakon haƙori. Ya shafa ƙullin ya ce nan ba inda ya tsaya ba ne. Sannan ya buɗe gorunan ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ina Ɗan'auta?"

Na faɗi gaskiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wato wanda ba ya iya komai shi ake saukewa a hanya." Ya juya fuska bango.

Sista, yau kwana shida. Bai taɓa akwatin ba. Cokalin ma sai ya karɓi uku ya kau da kai. Shekara ashirin da bakwai muna tare ban taɓa ɓoye mashi ko allura ba, sai yanzu da girma ya zo. Ni dai ba na iya kallonsa yana kasawa, shi ne duk laifina. Amma ba zan bari hannun nan ya bushe ta dalilina ba. Ki faɗa mani abin da zan yi, ko me ne ne zan yi shi.

Taki,
Rahamatu

*

Kurfi, 23 ga Mayu, 1989

Yaya,

Na so in yi maki faɗa, na ga kin riga ni. Kuma ki bar ni in faɗi wannan: matar da ta aika wa Liman tambaya a kan dodanni ita ce ta ratsa rabin kogo a kwana uku. Na gaya wa Gidiyon, ya ce bai yarda ba, ya fita waje.

Amma kin ji abin da kika rubuta kuwa? Yana ƙulla igiya da yatsun dama. Yaya, wata uku da suka wuce ko tsinke bai iya riƙewa. Ni wannan layin na karanta sau biyu.

Gyara yana cikin littafinki. Akwatin ba ya riƙe komai a kansa, haruffan ne ke riƙewa. Tsofaffin da kika kwafa a Shema suna nan, ko? In aka shigar da su komai zai koma yadda yake ranar, har Ɗan'auta. Aikinki na kwana uku ya tafi, mai wuta ya tafi. Kada ki lallashe shi, kada ki yi kuka a gabansa. Ki buɗe mashi shafin, ki fita daga ɗakin. Fita sosai nake nufi, ba laɓewa bayan labule ba.

Roda

*

Dutsin-Ma, 16 ga Yuni, 1989

Ƙanwata Roda,

Bayan gaisuwa da fatan ruwan nan ya sauka maku lafiya kamar yadda ya saukar mana.

Na yi yadda kika ce, na ƙara da nawa. Na yage shafin haruffan da na samo a ɓoye, na sa a murhu yana gani. Na ajiye mashi littafin a buɗe, na ce ga Shema nan, Ɗan'auta na ciki. Na tafi gidan Huseina maƙwabciya na zauna har azahar, ina ta taya ta tsefe kan ɗiyarta ba tare da na san abin da nake yi ba. Da na dawo na tarar haruffa ashirin da huɗu ya shigar da kansa. Ya ce sau biyar yana kuskurewa yana sakewa.

Na gaya mashi maganar mai wuta, ya ce ba ya so, gorunansa sun cika. Ya ce shekara talatin yana aiki a inda ba ya ganin tafin hannunsa, ba akwati ne zai koya mashi duhu ba. Haka ya bi kogon, yana lalube da bango, taku bakwai ya ƙulla, taku goma sha ɗaya ya ƙulla. An koro shi ban san sau nawa ba. Igiya ta ƙare na kwance ta shanya na ba shi. Ni kuwa wake ya ƙare a gidan nan, na koma tsintar shinkafar Huseina. Ɗan'auta da ake kayarwa kullum, da yawan shiga faɗa sai ga shi ya yi ƙahoni.

Shekaranjiya, kwana na ashirin da ɗaya, ina tsakar gida na ji ya kira ni. Na shiga na ga talabijin ta yi fari. Ɗan mutumin na tsaye a bakin wani gari mai ruwa da jiragen kwale-kwale. Malam ya ce wannan Zobe ne. Ya ce in kwafe haruffa, na kwafe.

Da la'asar ina kwasar tuwo na ɗauko cokali. Ya ce, "Mai da shi. A kai mani zaure, kuma a gaya wa Alhaji Lawal."

Wannan karon na laɓe, ki yafe mani. Ban ga komai ba, na dai ji Alhaji Lawal na cewa ango ya fito daga lalle, Malam na ce mashi ya ci a hankali kada ya haɗiye akushin. Sun daɗe. Da kwano ya dawo babu saura. Miyar kuka ta ɓata mashi gaban riga har ƙasa, ta zubo ta hannun rigar dama. Na duba na hagu, fes yake. Na daɗe riƙe da rigar kafin in sa ta a ruwa.

Loma tana faɗuwa har yanzu, yatsu biyu ba su gama lanƙwasuwa ba. Bai daina ba, ni ma ban daina ba. Yanzu yana bakin ruwan nan ya tsaya. Ya ce kada in tambayi Gidiyon hanya, zai nema da kansa. Abu ɗaya kawai yake so ya sani kafin ya hau jirgi, ko ana ƙetarawa da goruna huɗu duka, don in sai an sauke ɗaya, zai zagaya ta tudu.

Don Allah ki ba mu amsa da wuri, ko gobe in Ɗanjuma zai juyo.

Taki har kullum,
Rahamatu