Takalman Biskit

Zuwa ga Yayana Dwight,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata sanyin Alaska bai karya ka ba. Allah ya ƙara muku lafiya kai da iyalinka. Mu nan Paducah da sauƙi, sai dai labarin da zan ba ka ba daɗi.

Ka san shekara shida ke nan Biskit, guntun dokin nan da bai kai ƙugunka ba, shi ne idon Mama, shi ke yi mata jagora tun da ta makance. Ranar Asabar na sa masa takalmansa na roba saboda santsin daɓe, muka shiga kantin kayan abinci. Mai gadi ya so ya tare mu, Mama ta ce masa doka ta yarda makaho ya shiga da dabbar da ke masa jagora, in bai sani ba ya tambayi ubangidansa. Amma wani ƙato da ya shigo bayanmu da karen da ya sa wa rigar dabbobin da ke taimakon naƙasassu, irin wadda kowa ke saya a intanet, ba wanda ya ce masa kanzil.

Karen ya fizge igiya ya cafki Biskit a maƙogwaro. Yaya, ban taɓa jin doki ya yi irin wannan kuka ba. Jini ya wanke wa Mama siket, tana laluben iska tana tambayar me ke faruwa. Na ɗauki gwangwanin wake na dinga kwaɗa wa karen a ka har ya saki. Mai shi ya hankaɗe ni, wai na ji wa ɗansa ciwo, karen yake nufi, ni kuwa na fasa masa baki da gwangwanin. Ban yi nadama ba, haka na gaya wa 'yan sanda. An ce haƙuri maganin zaman duniya, to ranar nawa ya ƙare.

Biskit bai yi harbi ko sau ɗaya ba, don Mama na riƙe da shi. Ya ja ta waje yana tangaɗi, ya tsaya a bakin matakala ya buga kofato kamar kullum don kada ta faɗi. Sai da ta sauka sannan ya zube, bai sake tashi ba.

Tun ranar Mama ba ta leƙa waje ba, ko coci. Ina jin tsoro, don Allah ka zo.

Ka gai da Marlene da Tucker. Gwaggo Earlene na gaishe ka. Mama ta ce in ka zo ka shigo a hankali, kada ka taka takalman Biskit. Kowace safiya tana jera su huɗu a bakin ƙofa.

Ƙanwarka,
Charlene