Gansakukar da Yunwa Ba Ta Kashewa

Zuwa ga 'yata Likitar Ruwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya. Innarki na gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi.

Na bi shawararki, na daina zuba taki a tafkin kifinmu don yunwa ta kashe gansakukar da ta rufe shi. Kawunki ya ƙi, ya ce rabin tafkin nasa ne, ba zai yarda a yi gwaji da guminsa ba. Na ce masa dabarata ce, don kin san yadda yake jin haushin karatun nan naki. Da ƙyar ya saki. In ruwan ya washe zan gaya masa mai dabarar, in ga inda zai sa fuskarsa.

Ki ci abinci, ki bar zama da yunwa.

Naki,
Baba

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, ina fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Mu lafiyar jiki kam, alhamdu lillahi.

Kifin ya mutu. Gansakukar ta yi kauri kamar an zuba fenti, ta shaƙe ruwan, ranar Laraba muka tarar da kifayen ciki sama, har iyayen da muke ajiyewa don iri. Wari ya hana maƙwabta buɗe taga.

Malamin gona ya duba ruwan a madubin likita. Ya ce irin wannan gansakukar ƙwayoyi ne jere kamar carbi, da hasken rana suke haɗa abinci. In taki ya yanke, wani umarni a cikin halittarsu yakan farka, sai ɗaya a cikin jerin ta bar aikin ranar nan na haɗa abinci, ta kaurara bangonta, ta riƙa jawo taki daga iska tana raba wa sauran. Dole ta bar aikin rana, don iskar da aikin yake fitarwa tana ɓata jawo takin. Har saƙo take aika wa na kusa da ita kada su ma su canja. Wato sauran ciyayin ruwa muka kashe, muka bar wa gansakukar fili.

Kawunki ya kwashe injin ruwansa, ko gaisuwata ba ya amsawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba, amma ba da ke nake ba.

Har yanzu kowa ya ɗauka dabarata ce, har Innarki. In kin zo hutu kika ji ana zagina a kai, ki yi shiru. Umarni ne.

Allah ya yi miki albarka.
Baba