Tulun Daddawar Umma

Ƙanwata Bok-sil,

Gaisuwa mai yawa daga Seoul. Yaya jikin Umma? Yaya maigidanki da yara, da sanyin Longjing? Ni lafiya lau. Tsohuwar da nake jinya a asibiti ba ta da rigima, bayana ne kawai ke ciwo saboda kwanan benci, shi ma da sauƙi.

Na ji Umma ta mallaka miki gidan, don a sayar a biya gidan kula da tsofaffi in ta kama. Madalla. Ke kike juya ta, ke kike wanke ta, ban ce komai ba. Amma har da tulunan daddawar waken suya? Ni nake kirɓa waken da ita tun kina goye, ke da ko warinsa ba kya so.

Jiya tsohuwata ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ke kaɗai gare ni." Umma kuwa da na kira, cewa ta yi, "Bok-sil, zo ki karɓa, wata mata ce."

Allah ya yi miki albarka, riƙe gidan. Ƙaramin tulun mai fasasshen murfi kawai nake so. Kuma in kina ba ta abinci, ki riƙa ambaton sunana.

Yayarki,
Sun-nyeo