Kawun Nura Ya Buga Har Ƙarshe

Lahadi da dare, Dutsin-Ma

Mun dawo daga Kurfi an zura mana ƙwallo uku. Amma ba cin ne ya tsaya mini a rai ba.

Tun da aka ba ni kocin kulob ɗin nan nake faɗa, ƙafafun sun tsufa. Yau kyaftin ɗinmu Malam Sada ko sau ɗaya bai kamo ɗan gaban Kurfi ba. Gwiwa a ɗaure, yana haki kamar wanda ya yini yana huɗa. Bayan hutun rabin lokaci na ce Nura ya tashi ya canje shi. Nuran da na sha wuya kafin na ɗauko shi daga kulob ɗin Makera, ba wanda ya kai shi gudu a cikinmu.

Sai ya sunkuyar da kai. "Koci, ka yi haƙuri, kawuna ne. Da wane ido zan karɓi wurinsa a gaban jama'a?"

Na juya wurin Bishir, wani matashin da ke benci. Ashe shi kuma ƙanwar Malam Sada yake nema da aure. Haka na tsaya bakin layi ina kallo aka ƙara mana biyu.

A mota Malam Sada ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Kabiru, ai da ka cire ni, ba zan ji haushi ba." Wataƙila da gaske yake. Amma bai fito da kansa ba. Kuma ranar atisaye shi zai riga kowa zuwa fili, ya ɗaura raga da hannunsa, yaran su durƙusa su gaishe shi.

Bencina cike yake da matasa, amma ba ni da ɗan canji ko ɗaya.