Jirgi na Biyu daga Gaɓa

Budapest, Asabar

Marnie 'yata,

Gaisuwa mai yawa daga uwarki, wadda kika rantse za ta ɓace a filin jirgin Amsterdam, ga shi kuma ba ta ɓace ba. Ina fata kuna lafiya, ke da Dale da yara. Na ce miki wasiƙa cikakkiya zan riƙa rubuto miki, ko da a wannan allon kwamfuta na hannu da kika saya mini ne, ba irin saƙonninki masu kalma uku ba. To ga ta farko.

Na shiga jirgin ruwan. Sunansa Ottilia, dogo ne siriri, tagar ɗakina har ƙasa take, kamar in miƙa hannu in taɓa kogin Danube. Shekara hamsin ina Duluth ina kallon jiragen wasu suna wucewa ƙarƙashin gada, ina ɗaga musu hannu daga tagar kicin. Yau ni ce a ciki, wasu ke ɗago mini. Da babanki yana raye, da yanzu yana can wurin injin yana damun ma'aikata da tambaya. Na yi kewarsa, amma murna ta fi yawa, ba zan ɓoye miki ba.

Garin nan gani ya kori ji. Na sha miyar nama da suke kira gulash, jan barkono har cikin kunne. Na kuma shiga wurin wankan ruwan zafinsu, inda na tarar da tsofaffin maza tsaye cikin ruwa har ƙirji suna buga dara a kan allo, ko a jikinsu. A teburin cin abinci an haɗa ni da Doreen da mijinta Hal, 'yan Winnipeg. Doreen ta tambaye ni, "Ke kaɗai kika zo? A shekarunki?" Na ce, "Shekarun ai na bar su a gida, kayana sun yi nauyi." Hal ya yi dariya har ya ƙware.

Ina tuna miki yarjejeniyarmu, don na san halinki. Idan na je na dawo ba tare da wata fitina ba, maganar gidan kula da tsofaffin nan na kusa da ke ta mutu, zan ci gaba da zama a gidana. Idan na yi abin da ya nuna kaina ya fara kwancewa, ki kira su ki karɓi ɗakin, ba zan ce uffan ba. Tukunya ɗaya na bari a kan wuta a watan Maris, Marnie, ɗaya tak, kin sa ta a gaba kamar na ƙona unguwa.

Ki shayar mini da tumatir idan kin je Duluth. Ki sumbaci yara.

Uwarki mai ƙaunarki,
Verna

*

Minneapolis, Lahadi

Mama,

Ina gaishe ki da fatan kin huta gajiyar hanya. Mu duka lafiya, yara suna ta tambayarki.

Na ji daɗin wasiƙarki, da gaske. Amma barkono da ruwan zafi duka ba sa shiri da hawan jininki, kin sani. Ki sha maganinki da safe, farin da rawayan. Ki riƙa ɗaukar wayarki duk inda za ki, ba don ado na saya ba.

Ban manta da yarjejeniya ba. Matar gidan tsofaffin ta sake kira, ta ce za su riƙe ɗakin zuwa ƙarshen wata. Ba tukunya kaɗai ba ce, Mama. Akwai ranar da kika ajiye mota a bakin coci kika tako gida da ƙafa, kika kira ni kina cewa an sace ta. Ba so nake in raba ki da gidanki ba. Tsoro nake ji, tafiyar awa biyu da rabi ce tsakaninmu, kuma lokacin ƙanƙara ya fi haka.

Ki more tafiyarki. Ki kula da kanki.

'Yarki,
Marnie

*

Vienna, Talata

Marnie, sarauniyar tsoro,

Bayan gaisuwa, na sha farin da rawayan, sai ki kwantar da hankalinki. Maganar mota kuwa, ranar rana ta yi kyau ne na ga dama na taka, ƙarshen zance.

Mun tsaya a Bratislava, muka hau tudu muka ga fadar sarakunansu, Hal yana haki yana cewa da ya sani da ya zauna a jirgi. Daga nan muka shiga madatsa. Ana shigar da jirgi wani dogon rami na siminti, a rufe ƙofa a bayansa, a sako ruwa, sai ki ga bango yana sauka, ashe ku ne kuke hawa. Na tsaya a rufin jirgi ina tafi kamar yarinya, Doreen tana jan rigata wai mutane na kallo. Su kalla, kuɗina na biya.

Vienna kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Na shiga wata coci da sai da wuyana ya yi ciwo don kallon sama. Na zauna a gidan shan kofi, wani ma'aikaci mai baƙar kwat ya kawo mini kofi da ruwa a ƙaramin faranti yana ɗaure fuska kamar na ci masa bashi. An ce haka suke, ba fushi ba ne. Da yamma aka kai mu sauraron kiɗa, masu goge suka yi ta yi har na tuna ranar aurenmu, na ɗan share hawaye.

Ga wani abu da zai ba ki dariya. Jiragen yawon buɗe ido sun yi wa tasha yawa, don haka ɗaure su ake a jere, wannan a jikin wannan. Idan naki ba shi ne a gaɓa ba, sai ki ratsa ta cikin na wasu, ki gaishe da mutanen da ba ki sani ba, ki fita ta ɗaya ƙofar ki shiga naki. Wasu ma duk na kamfani ɗaya ne, fenti ɗaya, darduma ɗaya, har furen da ke kan tebur. Doreen kullum sai ta rikice. Ni na yi wa kaina dabara: idan zan fita, in ƙirga. Namu na biyu ne daga gaɓa, shi ke nan. Yanzu ni take bi kamar jela.

Gobe Krems, ƙasar inabi. Wayar nan tana da nauyi a jaka, amma zan duba.

Ki gaida Dale. Taki har kullum,
Mama

*

Minneapolis, Laraba

Mama,

Ban san ko za ki ga wannan ba, tunda an ce allonki da wayarki duka suna kan gadonki.

An kira ni daga jirgin da sassafe. Sun ce kun sauka a Krems, kowa ya dawo ban da ke. Sun jira, sun zagaya gari, sun gaya wa 'yan sanda, sannan dole suka tashi. Ma'aikacin yana ta ce mini kada in damu. Ina zaune a ƙasan kicin da wayar a hannuna. Dale yana neman tikitin jirgin sama.

Don Allah, Mama, duk inda kike, ki sa wani ya kira ni. Ba zan yi faɗa ba.

Marnie

*

Linz, Alhamis

Marnie 'yata,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Na san an riga an kira ki tun jiya an ce an gan ni, amma labarin daga bakina ya kamata ki ji. Ki ce wa Dale ya bar maganar tikiti. Lafiyata ƙalau, ina zaune a ɗakina a Ottilia.

A Krems na rabu da ayari na shiga wata kasuwa, na sayo kwalbar jam, abin shafa wa burodi, na wani ɗan itace mai zaƙi da suke kira Marille. Na dawo tasha da wuri, ina alfahari da kaina. Na ratsa jirgin farko, na shiga na biyu, na haye rufi kai tsaye don in sha iska. Abin da ban sani ba, bayan fitarmu an sake jera jiragen. Wani ya iso, namu ya koma na uku. Wanda na shiga ƙanwar namu ce, kamfaninsu ɗaya, sunanta Rozalia, ita kuma Vienna za ta koma. Mai tsaron ƙofa ya ɗauka wucewa zan yi, bai nemi katina na shiga jirgi ba.

Jirgi ya tashi, aka kawo kofi da kek, na ci. Sai da muka shiga madatsa na ga bango yana hawa maimakon ya sauka. Na ce wa matar da ke kusa da ni, "Yau kuma ƙasa muke yi?" Ta ce, "Ai Vienna ƙasa take, baiwar Allah." Na ce, "Vienna da na baro jiya?" Ta dube ni, na dube ta, ta ajiye cokali.

Ilse sunanta, 'yar Hamburg, ta girme ni da shekara biyar. Ita ta ja ni wurin ma'aikata. Shugabansu ya dafe kai, aka shiga kiraye-kiraye, aka ba ni ɗakin da babu kowa, har da buroshin haƙori. Suka ce da safe za su sa direba ya kai ni Linz in tari jirgina. Na ce a'a, jirgin ƙasa zan hau, ni kaɗai. Shugaban ya ce, "Madam, ba kya jin Jamusanci." Ilse ta ce masa, "Bakinta ai yana aiki, tun ɗazu ba ta bar ni na yi magana ba."

Marnie, na yi. Da safe a Vienna na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauka a babbar tasha, na sayi tikiti a hannun wata yarinya mai zobe a hanci, na tambayi mutum huɗu layin da zan tsaya, don matambayi ba ya ɓata. Na zauna a bakin taga ina kallon gonaki da ƙananan coci-coci suna gudu. Rabon da in ji daɗi irin wannan tun kina goye. Ottilia ta makara a layin madatsa, na riga ta isa Linz. Tana kawo kai ta same ni a gaɓa da kek a hannu ina ɗaga mata. Doreen ta fashe da kuka, Hal yana ihu, "Ga jagorarmu, mai ƙirga jirage!" Da daddare aka yi ta tafa mini a ɗakin cin abinci.

Da zan iya tsayawa nan da na tsaya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ma'aikatan sun ce ba ni ce ta farko ba, kowa na iya yin wannan kuskuren, kuma na yarda. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, na fi awa ɗaya a kan rufin nan. Na ga fuskokin da ban sani ba. Na ji ana Jamusanci ta ko'ina. Ban ga Doreen ba, ban ga Hal ba. Kuma ban ce a raina jirgin ne ba nawa ba. Cewa na yi, to, abin da Marnie take faɗa ya zo, na manta da mutanena. Sai na zauna ina murmushi ina gaishe su kamar na san su, don kada a gane. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan awar ba. Ranar mota ma ba ganin dama na yi ba, mantawa na yi.

Alkawari kaya ne. Mun ce ba fitina, ga shi na yi wadda har 'yan sandan Austria suka sani. Ki kira matar ki karɓi ɗakin. Abu biyu kawai nake roƙo: ki nema mini likitan da zai duba kan nan da kyau, kuma duk wanda zai sayi gidan a gaya masa kada ya sare itacen tuffan babanki.

Gobe Passau, inda koguna uku suke haɗuwa. An ce kowanne da launin ruwansa, ina ɗokin gani. Wayar tana rataye a wuyana.

Uwarki,
Verna

*

Duluth, Juma'a

Mama,

Ina gaishe ki daga kicin ɗinki. Na zo shayar da tumatir, na kasa tafiya. Na karanta wasiƙarki sau uku a kan kujerarki, wani jirgi ya wuce ƙarƙashin gada, na samu kaina ina ɗaga masa hannu.

Tun watan Maris nake jira ki faɗa mini gaskiya, ban san daga Austria za ta zo ba. Ba ɓatan ne ya fi ba ni tsoro ba, ɓoyewar ce. Yanzu kin daina.

Na samu likita, za mu je tare idan kin dawo, duk abin da ya ce za mu ji tare. Matar gidan tsofaffin na kira ta ɗazu. Na ce ta ba da ɗakin ga wani, uwata tana hanyar Passau, ba ta da lokaci.

Na saya miki butar shayi ta lantarki mai kashe wutarta da kanta. Wannan ba shawara ba ce.

Ki duba sunan jirgin kafin ki hau. Ki kawo mini jam ɗin.

'Yarki mai ƙaunarki,
Marnie