Hukuncin Inna Kan Dawowar Atiku

Isa, 14 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga ƙanena Atiku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, Ya kare ka da sanyin Birtaniya da kake ta kuka da shi. Mu nan duk lafiya lau. Ciwon gwiwar Baba ya yi sauƙi har yana fita masallaci da ƙafarsa. Mairama matar Yaya Alhassan ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace, an sa mata Fadima.

Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne, ba za ni ɓoye maka ba. Sau uku aka yi shuka a gida Gangara, sau uku rana ta ƙone ta. Geron da ya tsira bai kai ga fidda kai ba. Gulbi ya zama rairayi, mata na tonon ruwa a tsakiyarsa. Kawu Wakili ya kora sauran shanun ya yi kudu da su, bayan biyar sun faɗi. A ajina na makarantar 'yan mata, kujeru tara babu kowa, iyayensu sun tashi. Amma muna ci, Atiku. Ba kamar da ba, amma muna ci.

Takardarka ta iso ranar Talata. Na karanta inda ka ce aikin wata shida ya tashi a banza, gwajin bai nuna komai ba, kuma ba ka iya haɗiye abinci idan ka tuna gida, don haka za ka ajiye karatun ka dawo, alhali shekara ɗaya ta rage maka. Gaskiya da na karanta sai da na yi murna, shekara huɗu ban ga fuskarka ba. Daga baya kunya ta kama ni. Ranar Juma'a na hau babur zuwa Gangara don in karanta wa Inna, tunda ita ce mai yanke magana.

Na iske ta tana tankaɗen dusa. Na karanta mata tun daga farko har ƙarshe. Sai ta ajiye rariya ta ce in gaya mata tsakani da Allah mi ne ne wannan aikin da ya riƙe mata ɗa, don duk wanda ya tambaye ta sai ta ce likita kake koyo, kuma ta san ba haka ba ne.

Ka yi mini dariya in ka so, amma na yi iya ƙoƙarina. Na share ƙasa na zana mata da tsinke. Na ce jikin mutum da na saniya da na gero duk ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kuma a cikin kowace akwai saƙo rubutacce da ke faɗin yadda za a gina furotin, abin da ke yin tsoka da jini. Saƙon ana karanta shi harafi uku-uku. Na ce akwai wasu 'yan ƙananan masu dako, su ne kuke kira tRNA, kowanne ɗauke da guntu ɗaya na kayan ginin, kuma a ƙasansa akwai nasa haruffa uku, wato antikodon. Sai haruffansa sun dace da na saƙon zai sauke kayansa a ɗaura a kan na baya, sannan wani ya matso. Haka har ginin ya cika.

Inna ta duƙa tana kallon zanen, ta tambaya in wanda bai dace ba ya zo fa. Na ce yawanci ba ya zama, sai ya wuce. Na ƙara da abin da ka rubuto mini bara, cewa haruffa biyun farko dole su dace daidai, amma na ukun akwai sassauci, shi ya sa mai dako ɗaya ke iya amsa kira fiye da ɗaya, kuma a kan wannan harafi na uku kake aiki. Ta ɗaga kai ta ce, wato shekara huɗu a kan harafi ɗaya. Na ce e. Ta tambaya ko zai kawo ruwan sama. Na ce a'a. Ko zai tayar da shanun da suka faɗi. Na ce a'a, amma duk mai neman gane cuta ko gyara iri sai ya san yadda ake wannan karatun.

Ga hukuncinta, kamar yadda ta ce in rubuta. Ta ce kada ka dawo. In ka zo yanzu ba ruwa za ka kawo ba, baki ɗaya za ka ƙara a kan tukunya, kuma ka zauna kana kallonta da ciwon abin da ka bari. Ta ce mu sau uku muka shuka bana, kuma ta ɓoye irin baɗi a tulu ta liƙe bakinsa da laka, ko yunwa ba ta sa ta buɗe ba; kai sau ɗaya naka ya lalace. Ka sake gwajin. Baba ya ce maganarta ita ce tasa.

Da na tashi tafiya ta rako ni har bakin zaure, abin da ba ta saba ba. Ta riƙe mini gyale ta ce bayanina bai shige ta sosai ba, gara ta ji daga bakin mai aikin. Tana so ka ɗauki muryarka a kaset, ka yi mata bayanin harafin nan da Hausa, ka aiko. Rediyon Yaya Alhassan na cin kaset. Na ce za ni iya sake yi mata a hankali. Ta ce a'a, kai take so, kuma ka yi shi da tsawo, ka cika fuska biyu, ko da ba za ta gane ko kalma ɗaya ba.

Baba na sa maka albarka. Yaya Alhassan da Mairama na gaishe ka, haka Gwaggo Habi ta Turba da maigidana Jibrilla. Allah Ya ba ka sa'a, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka yayarka,
Maryamu Na'Allah