Bugu Biyu a Kan Tebur

Litinin, 3 ga Maris

A yau, bayan kwana goma sha ɗaya a asibiti, an sallamo Baba. Ni kuma, ba zaɓe ba rantsarwa, an naɗa ni Babban Jami'in Juya Majiyyaci, Shugaban Sashen Cokali, kuma Muƙaddashin Wanzami. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa kuma ya tafi hutun da bai faɗi ranar dawowa ba. Likita ya ce maganar tana iya dawowa, tana iya ƙi. Da na nemi sanin wanne ya fi rinjaye, sai ya dubi agogonsa.

Kafintan da ya yi shekara talatin yana tanƙwara katako, yau ni nake goge masa baki.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya wajaba in rubuta wannan domin tarihi. A gidanmu, Baba ne ke jagorantar addu'ar safe a kan teburin da ya ƙera da hannunsa. Idan wani ya ja addu'a fiye da ƙima, sai ya ƙwanƙwasa teburin sau biyu, ma'ana ya isa, an ji. Kashi tara cikin goma na bugun nan a kaina ya ƙare. Yakan kira ni da laƙabin da ya sa mini saboda yawan kalmomina, ya ce, “Ƙamus, Ubangiji ba alƙali ba ne, ba sai ka zo masa da lauya ba.”

Yau Mama ta ce ni zan jagoranta. Ni da Yaya muka cicciɓo teburin muka ajiye a damansa, inda ya saba zama da shi. Na buɗe baki, na jero sunayen Maɗaukaki, na kawo dalilai bakwai da suka sa ya dace a mayar wa Baba da harshensa. Minti goma sha ɗaya, in ji Yaya.

Babu wanda ya buga komai. Ban taɓa sanin ana kewar tsawa ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Matan coci sun zo dubiya, su shida, cikin ɗakin da ke ɗaukar uku. Sun yi waƙa, kuma gaskiya ta yi daɗi. Sai ɗayarsu ta sunkuya a kunnen Baba ta kwarara murya: “KA BA DA GASKIYA KAWAI!” Yaya ta ce, “Inna, bakin ne ya tafi, kunnen yana nan.” Baba ya rufe idanunsa, bai buɗe ba sai da takalmin ƙarshe ya fita.

Talata, 11 ga Maris

Cokali bakwai sun shiga, huɗu sun dawo. Ƙarshen rahoto.

Asabar, 15 ga Maris

Ma'aikaciyar da ke koya masa motsa jiki ta zo. Na sa mata suna Kwamanda, domin ko gaisuwarta umarni ce. Ta sa madubi a gabansa, ta ce ya kira Mama. Ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa, jijiyar wuyansa ta miƙe, abin da ya fito kuwa iska ce da yawu. Sau biyar.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai shiru ma jawabi ne, manyan shugabanni ke yin sa.” Ya dube ni. Hawaye ya gangaro ta ɓangaren da ba ya motsi, bai ma san ya zubo ba.

Mama ta fita ta sake wanke zanen gadon da na shanya tun safe.

Laraba, 19 ga Maris

An aike ni shagonsa in rufe tagar da iska ke bugawa. Na tarar da kujera mai ƙafa uku a kife, ta huɗun na kwance a gefe, ya ja mata layi da fensir inda zai yanka. Fensirin na nan inda ya ajiye.

A nan na gabatar da ƙorafina ga Hukuma Mafi Girma, da murya, cikin ƙurar katako. Na tunatar da ita cewa mutumin nan ya gyara bencin coci kyauta tun kafin a haife ni, bai taɓa fashin sujada ba, ko ƙusa bai taɓa cutar kowa da ita ba. Na nemi amsa a rubuce ko a baki.

Tagar ta ci gaba da bugawa. Na rufe ta na dawo.

Alhamis, 20 ga Maris

Na ƙi jagorantar addu'a. Na ce ofishina ya shiga yajin aiki.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce, “To, gida ɗaya, marasa magana biyu ke nan. Shi aƙalla yana ƙoƙari.” Na ce kwana goma sha huɗu ina roƙo, me aka gani? Ta ce, “Ni ban taɓa ce maka zai yi magana ba. Cewa na yi yana hannun da ya fi naka.” Ta yi addu'arta, jimla uku, ta miƙo mini reza.

Na yi masa aski. Na yanke shi kaɗan a haɓa. Ko wannan ban iya ba.

Talata, 25 ga Maris

Asibiti. Babu canji. Likitan bai dubi agogo ba wannan karon, wanda a ganina ya fi muni.

Juma'a, 28 ga Maris

Yaya ta goge ɗaki da sassafe, ta ja teburin zuwa ɗaya gefen gadon, ta manta ba ta mayar ba. Mama ta zauna ta naɗe hannu tana kallona, har na gane yajin aikin ya ƙare ba tare da an biya buƙata ko ɗaya ba.

Na ce, “Ya Yesu, ga Baba. Ga mu. Ba mu san yadda za mu yi ba.” Iyakarta ke nan. Gajartarta ta ba ni kunya, tsohon hali ya motsa, na ɗora: “Ya Mai Iko Duka, wanda tun kafin kafuwar duwatsu da shimfiɗuwar tekuna…”

Ƙwas. Ƙwas.

Da hagu.

Yaya ta toshe baki, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina zaton ita ma ba ta sani ba. Mama ta dubi teburin, ta dubi inda yake a da, ta ce, “Sati uku mun ajiye masa tebur a hannun da ya mutu. Bawan Allah, ashe haka ka sha wa'azin Ƙamus ba mai ceto.”

Bai yi magana ba. Mai yiwuwa ba zai sake ba. Ban samu wata sanarwa daga sama ba, kuma ban janye ƙorafina a hukumance ba. Ina dai rubutawa domin tarihi cewa an tauye mini haƙƙin jawabi a gaban shaidu biyu, kuma ba ni da niyyar ɗaukaka ƙara.

Teburin ya zauna a hagu. Gobe ma ni ne.